Shekara talatin a sararin samaniya, a ce mutum bai canza ba?

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a shagon masu tura fim a waya, can wajen Terminus a Jos, na tarar da wani magidanci yana ta faɗa. An tura masa *Star Trek: Picard* ne, ya kalli zangon farko, ya dawo da ƙorafi.

"Wannan ba kyaftin ɗin da na sani ba ne," in ji shi. "Mutumin da in ya ba da umarni kowa ke shiga taitayinsa, shi aka mayar tsoho mai yawon ba da haƙuri? Sun lalata shi."

Yaron shagon, don kada ya rasa kwastoma, ya ce, "Wallahi Alhaji gaskiyarka. Ai Turawan nan in kuɗi ya ƙare musu sai su tono tsofaffi."

Ban sa musu baki ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na sha jin irinta. An yi ta a 2017 da aka nuna Luke Skywalker na *Star Wars* ya tsufa ya koma tsibiri yana gudun duniya. Ana yin ta kullum a kan namu fina-finan masu dogon zango, duk ranar da marubuci ya yi ƙarfin halin taɓa wani da jama'a ke so.

Ni ra'ayina a fili yake. Shiri mai dogon zango da mutanen cikinsa ba sa canzawa ƙarya yake shirga wa mai kallo. Abin da ya sami mutum a kashi na goma dole ya bi shi har kashi na ɗari, a gan shi a maganarsa, a tsoronsa, da irin shawarar da yake yankewa. Fina-finan ƙagaggen kimiyya sun daɗe suna kokawa da wannan matsala, shi ya sa na ɗauko misalaina daga can. Wanda kuma zai ce me ya haɗa Bahaushe da jirgin 'yan sama jannati, ya tuna tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta *Tauraruwa Mai Wutsiya* da Hausa, ya kai wani yaro sararin samaniya.

Abin da ya sami Picard

*Star Trek: The Next Generation* ya fara a 1987, ya ƙare a 1994, kashi 178. Patrick Stewart yana da shekara 47 ya fara fitowa a matsayin Kyaftin Picard. Da aka dawo da shi a 2020 shekarunsa 79. Ko ba a rubuta komai ba, murya da tafiya sun riga sun canza.

Amma an rubuta. A 1990 wasu halittu da ake kira Borg, rabi mutum rabi inji, suka kama Picard, suka cusa masa na'urori, suka danne tunaninsa, suka yi amfani da duk sirrin da ya sani wajen yaƙar mutanensa. A wurin da ake kira Wolf 359 aka tarwatsa jirage 39, mutum wajen 11,000 suka mutu. Da bakinsa aka yi, da iliminsa aka yi, yana gani bai iya hanawa ba.

A tsarin talabijin na wancan zamani, mako na gaba sai a ga kyaftin a kujerarsa yana shan shayi, komai ya wuce. Wannan karon marubutan suka ƙi. Suka tura shi gida, ƙauyen La Barre a Faransa, gonar inabin iyayensa. Wansa Robert ya yi ta tsokanarsa har suka kama kokawa cikin taɓo, manya da su. Suka fashe da dariya, sai dariyar Picard ta juye kuka, yana cewa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana su, ya kasa. Marubucin kashin, Ronald D. Moore, ya ba da labarin cewa Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro *Star Trek* a 1966, bai so labarin ba sam, don a ganinsa mutanen ƙarni na 24 sun wuce rigimar wa da ƙane. Allah ya sa ba a bi ta tasa ba.

Tabon bai goge ba. A 1993, a kashin farko na *Deep Space Nine*, wani reshen *Star Trek*, Kwamanda Sisko ya tsaya gaban Picard ya tuna masa sun taɓa haɗuwa a Wolf 359. Matarsa Jennifer a can ta mutu. A fim ɗin 1996, da Borg suka dawo, kyaftin ɗin da aka sani da sanyin kai shi ne ya farfasa gilashi don fushi, yana shirin halaka ma'aikatansa saboda ramuwa. To wanda aka bi da shi ta nan, a ce bayan shekara talatin ya fito ƙirji a buɗe yana tsawa kamar babu abin da ya faru?

Shirin na 2020 yana da aibi, ba na musu. Babban aibinsa ma akasin abin da Alhaji ya kawo ne. A ƙarshen zangon farko Picard ya mutu, abokansa suka yi kuka, kafin kashin ya ƙare aka zuba tunaninsa cikin jikin ƙira, ya tashi garau. Daga nan sai jefi-jefi ake ambaton abin. Nan ne ya kamata a yi faɗa, inda aka karɓi hawayenmu aka mayar da mutuwa wasa.

"Ai hali zanen dutse ne"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma tamu ce. Mai hali ba ya fasa halinsa. Kowa ya san marowacin da ya je Makka ya dawo da rowarsa.

Na yarda akwai abin da ba ya goguwa. Shirye-shiryen da suka iya wannan aiki su ma sun yarda. Sai dai suna nuna yadda hali ɗaya yake fita ta fuska dabam-dabam gwargwadon abin da duniya ta koya wa mai shi. Ban san misalin da ya kai na Nog ba.

Nog yaro ne daga ƙabilar Ferengi, mutanen da riba ce addininsu. A kashin farko na *Deep Space Nine* an kama shi yana sata. Bai iya karatu ba, ɗan Sisko, Jake, shi ya riƙa koya masa a ɓoye. Ba ya cikin manyan 'yan wasa, ana ganinsa ne jefi-jefi, yawanci don a yi dariya.

A zango na uku sai ya zo wa Sisko da maganar yana son shiga rundunar sararin samaniya, abin da wani Ferengi bai taɓa yi ba. Sisko ya ɗauka wata damfara ce. Aka gwada shi da ƙidayar kayan wani sito, shi kaɗai, a ga ko wani abu zai ɓace. Babu abin da ya ɓace. Duk da haka Sisko ya ƙi sa hannu sai ya ji dalili na gaskiya. Da aka matsa masa, yaron ya fashe: babansa Rom gwanin gyaran inji ne da babu kamarsa, amma ya ƙare rayuwarsa yana bin riba da bai iya nema ba, yana wanke kofuna a mashayar wansa, kowa na raina shi. Nog ya ce shi ma bai iya kasuwanci ba, amma yana da hannun babansa, kuma ba zai ƙare yadda babansa ya ƙare ba.

Duk wanda ya tashi a gidan 'yan kasuwa alhali zuciyarsa na wani wuri ya san wannan magana.

Ya shiga runduna. Shin ya daina zama Ferengi? Ko kaɗan. A zango na bakwai, da shugaban injiniyoyi O'Brien ya rasa wani ƙarfe da zai gyara jirgi, Nog ne ya samo shi ta hanyar musaya, wannan ya ba wancan, wancan ya ba wani, har teburin kyaftin sai da ya bar ofis na ɗan lokaci. Dillancin yana nan daram. Abin da ake yi da shi ne ya canza.

Sannan aka kai shi fagen daga, a wata duniya da ake kira AR-558, ya rasa ƙafa. An sa masa wata, likitoci suka ce lafiyarsa ƙalau, amma ya ƙi ajiye sanda, ya ce ciwo yake ji. Ya shige ɗakin da kwamfuta ke ƙera duniyar ƙarya ya tare a ciki, ya ƙi fitowa. Kashi guda cur aka ba wannan labari, ana tsakiyar yaƙi, a kan wanda ba ya cikin manyan shirin. Da ya buɗe baki daga ƙarshe, abin da ya faɗa shi ne tsoro yake ji: da can ya ɗauka mutuwa ta wasu ce, yanzu ya san tana iya zuwa masa kowane lokaci. Aron Eisenberg, wanda ya fito a matsayin Nog, ya rasu a 2019, kuma ya sha faɗin yadda tsofaffin sojoji ke zuwa su gode masa a kan wannan kashi.

Shekara bakwai, kashi 176, daga ɓarawon yaro zuwa laftanan mai tabo. Babu rana ɗaya da za ka nuna ka ce yau ya canza. Kuma in ka koma kashin farko, shi ne dai.

Mu da muka zauna a Jos

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a garin nan ake wannan musu. Wanda ya ga rikicin 7 ga Satumba 2001, ya ga na Nuwambar 2008, ya ga na Janairun 2010, ba sai an kawo masa fim ya san mutum yana canzawa ba. Akwai dattawan da aka haife su a unguwannin da yau ba sa kwana a cikinsu. Akwai 'yan kasuwar da gobarar babbar kasuwa ta 2002 ta mayar da su 'yan tebur, wasu suka farfaɗo, wasu har suka koma ga Allah ba su sake zama yadda aka san su ba. Wani rikicin ya mayar da shi mai tsanani, wani ya mayar da shi mai shiga tsakani, kuma sau da yawa ba wanda ka zata ba.

Shi ya sa labarin Kira da Damar na *Deep Space Nine* yake kama ni. Kira 'yar duniyar Bajor ce, wadda mutanen Cardassia suka mamaye shekara hamsin. Tun tana yarinya ta shiga daji tana yaƙin sunƙuru. Damar sojan Cardassia ne, kuma shi ya harbe Ziyal, yarinyar da Kira ta riƙa tamkar ƙanwarta. A zango na ƙarshe reshe ya juye da mujiya: Cardassia ta faɗa ƙarƙashin mamayar waɗanda ta ɗauka abokai, Damar ya yi tawaye, kuma wadda aka tura ta koya masa yaƙin sunƙuru Kira ce.

Ranar da labari ya zo an kashe matar Damar da ɗansa, ya tambaya cikin ɗimuwa wane irin mutane ne ke ba da umarnin kashe mata da yara. Kira ta dube shi ta mayar masa da tambayarsa. Ba ta rarrashe shi ba. Shi kuma a fuskarsa ka ga ya gane, karon farko, abin da mutanensa suka yi shekara hamsin suna yi.

Ba su rungumi juna ba. Babu inda ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Sun yi aiki tare, ta fara ganin girmansa, ya mutu a yaƙin, kuma Ziyal tana nan tsakaninsu har ƙarshe. Mutumin Jos ya san wannan irin zama. Ana ciniki, ana gaisawa, ana zuwa jana'izar juna a wasu lokutan, kowa kuma yana sane da abin da ya sani. Marubucin da ya ba ni sulhu mai rungume-rungume a kashi guda ya raina abin da idona ya gani.

"Mu dai nishaɗi muke nema"

Wani zai ce, Malam, mutum ya dawo daga aiki a gajiye, yana son ya ga fuskar da ya saba da ita tana yin abin da ya saba. Haƙƙinsa ne. Ni ma ba na son Gizo ya shiryu. Amma tatsuniya ba ta taɓa yi mini alkawarin ci gaba ba, kowane dare da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, da "ƙurunƙus" take ƙarewa. Shirin barkwanci ma haka, taurin kan mai gida shi ne abin dariyar. Shirin da ke buɗewa da tuna mini abin da ya faru makon jiya kuwa ya ɗauki alkawari, sai ya cika.

Rashin canjin nan na tsofaffin shirye-shirye ma kasuwa ce ta haife shi. Ana sayar wa tashoshi barkatai, kowace ta sa kashin da ta ga dama a ranar da ta ga dama, don haka dole kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa. Mu nan har da ƙarin dalili: in NEPA ta ɗauke wuta ranar shirin, shi ke nan ya wuce ka. Yau da mutum ke da zango biyar a katin waya, ko ya koma YouTube ya ga abin da ya wuce shi, wannan uzuri ya faɗi.

Wanda yake son ganin illar abin ya kalli *Voyager*, 1995 zuwa 2001. Jirgi ya ɓace a nisan da komawa gida za ta ci shekara 75, babu tashar gyara, babu mai kawo agaji. A ragargaza shi yau, mako mai zuwa ya fito fes. Harry Kim ya shiga jirgin da ƙaramin muƙami, ya mutu an maye gurbinsa da kwafinsa, ya sha wuya iri-iri, bayan shekara bakwai ya iso gida da muƙamin da ya tafi da shi. Ko a sakatariyar jiha, mai shekara bakwai a mataki ɗaya ya kai kuka ƙungiyar ƙwadago.

Ronald Moore ya yi ɗan gajeren zama a cikin marubutan *Voyager*, ya fita yana sukar wannan tsafta ta ƙarya. Da ya samu nasa shirin, *Battlestar Galactica*, sai ya sa allo a ofishin shugabar ƙasa, an rubuta adadin 'yan Adam da suka rage, wajen 50,000. Duk wanda ya mutu sai a goge a rage. Jirgin kuma duk inda aka huda shi, da tabon yake tafiya.

Akwai canjin da ni ma ba na so, shi ne tuban dare ɗaya. Muguwar kishiya ta yi kashi tamanin tana bin bokaye, a kashi na ƙarshe ta yi hatsari, ta farka a gadon asibiti tana neman gafara. Allah mai shiryarwa ne, babu ja. Amma marubuci aikinsa ya nuna mini hanyar da shiriyar ta biyo. A *Babylon 5*, wanda J. Michael Straczynski ya tsara wa shekara biyar tun kafin a fara, ya kuma rubuta kashi 92 cikin 110 da hannunsa, jakada Londo ya fara a matsayin mashayi abin dariya, ya ƙare da jinin miliyoyi a wuyansa. Abokin gabarsa G'Kar ya fara da ƙiyayya da neman fansa, ya ƙare mai hikima da ido ɗaya. Kowane mataki an nuna shi, kowanne kuma an biya kuɗinsa.

In ɗan wasa ya tafi fa?

Nan ne masu shirya namu fina-finan ke da ƙorafi na gaskiya. Ka tsara wa mutum hanya ta shekara uku, a tsakiya ɗan wasan ya ce ya gaji, ko aure ya zo, ko aka saɓa a kan kuɗi. Masu kallon *Labarina* na Aminu Saira sun ga haka lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Makonni aka yi ana cacar baki a Facebook, kusan duka a kan fuska.

*Doctor Who* na BBC, wanda ya fara a Nuwambar 1963, ya gamu da wannan a 1966 da rashin lafiya ta hana William Hartnell, mai fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin, ci gaba. Sai marubutan suka ce ai Dakta ba ɗan Adam ba ne, in jikinsa ya gaji sabo yake yi. Patrick Troughton ya karɓa, kuma da wannan dabara shirin ya haura shekara sittin, har mace ta riƙe matsayin, har Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda.

Kuma Jos na da hannu a tarihin nan, ko da yake 'yan garin kaɗan ne suka sani. BBC ta goge tsofaffin kasusuwanta da yawa a wancan zamani. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano kashi tara da aka ɗauka sun ɓace har abada, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a nan garin. Dukkansu na zamanin Troughton ne, daga labarai biyu na 1967 da 1968.

Abin da ya riƙe *Doctor Who* ya wuce dabarar sauya fuska. Daktan farko tsoho ne mai son kansa, a labarin farko har dutse ya ɗauka kan wani mai rauni da ke jinkirta musu gudu, sai abokin tafiyarsa ya riƙe masa hannu. Zama da mutane ne ya sassauta shi a hankali. Da aka farfaɗo da shirin a 2005 bayan dakatarwar 1989, Daktan da ya dawo yana ɗauke da laifin yaƙin da ya hallaka mutanensa. Fuska goma sha wani abu, amma kowane sabo yana tuna abin da na baya ya aikata, yana jin kunyarsa ko alfaharinsa.

Ba mu da hanyar cewa Sumayya ta yi sabon jiki, labaranmu na duniyar nan ne. Amma mai kallo yana saba wa sabuwar fuska cikin 'yan makonni in har wadda ta zo tana ɗauke da abin da ya sami ta farko. Wanda ba ya sabuwa shi ne a ga mace ta rasa ɗa a zango na biyu, a zango na huɗu babu mai ambatonsa, har ita. Wannan kuwa ba ya bukatar kuɗin Amurka, littafi ɗaya yake bukata a hannun marubuta, shafin kowa dabam, a rubuta abin da ya same shi, wa ya cuce shi, me ya rasa, me ya rantse ba zai sake yi ba, duk sabon marubucin da ya shigo ya karanta kafin ya ɗora alƙalami.

Tafiyar ɗan wasa ma ana iya yi mata tanadi. Straczynski ya ce kowane babba a *Babylon 5* ya ajiye masa ƙofar fita tun farko, ko da za a bukata. Aka kuwa bukata: Michael O'Hare, wanda ke fitowa a matsayin Kwamanda Sinclair, shugaban tashar kacokan, ya bar shirin bayan zango ɗaya. Ba a kashe Sinclair a hatsari ba, ba a kuma yi kamar ba a taɓa yin sa ba. An tura shi jakadanci wata duniya, ana jin labarinsa daga nesa, sabon kwamanda ya zo da nasa tarihin. A zango na uku aka dawo da O'Hare na kashi biyu, aka rufe labarin Sinclair da amsar wata tambaya da aka dasa tun zangon farko.